A Auna Ɗaki Kafin A Tafi Kasuwa

 Sharhinmu na yau a kan ƙaramin ɗaki ne, da yadda mutum zai sama wa kayansa wurin zama a cikinsa ba tare da ya ci bashi ba, kuma ba tare da ya riƙa tsallake akwati kafin ya kai ga gadonsa ba.

A gidajenmu na gado wannan ba ta cika zama matsala ba. In kaya sun yi wa ɗaki yawa, akwai tsakar gida, akwai rumfa, akwai taska, hatsi kuma yana rumbu. Turmi da taɓarya da randa ba su taɓa neman wuri a ɗakin kwana ba. To amma ma'aikacin da ya kama ciki da falo a Kubwa ko Nyanya ko Mararaba, ko angon da ya samu hawa na biyu a wani bene a Kano, ko ɗan'uwanmu da ke zaune a Nima a birnin Accra ko a wata unguwa a Jidda, iyakarsa bangon nan huɗu. Abin da ya mallaka duka a ciki zai kwana. Kayan kuma ƙaruwa suka yi: ga firji, ga tukunyar gas, ga batirin sola, ga jarkokin ruwa saboda famfo ba shi da tabbas, ga buhun shinkafar da aka saya tun kafin farashi ya sake tashi.

Mutanen manyan biranen Amurka da Kanada sun daɗe a cikin wannan hali. Da yawansu suna zaune ne a dogayen benaye inda kowa ya mallaki sashensa, amma matakala da lif da rufi na kowa da kowa ne, ana biyan kuɗin kula da su wata-wata. Mai irin wannan gida ba shi da damar ya ce zai ƙara ɗaki a baya, don babu bayan. Ba zai jibge kaya a baranda yadda ya ga dama ba, don ƙungiyar masu ginin tana da dokokinta. A Ingila ma sai da gwamnati ta fitar da ma'auni a 2015, ta ce sabon gidan mutum ɗaya bai kamata ya gaza murabba'in mita 37 ba, kuma a cikin wannan har da kicin da banɗaki. Waɗannan mutane matsi ne ya koya musu lissafin fili, kuma a kan wannan matsin wani kamfani ya gina arzikinsa.

Kamfanin shi ne IKEA na ƙasar Suwidin. Wani saurayi ɗan shekara 17, Ingvar Kamprad, ya kafa shi a 1943, yana sayar da alƙaluma da ƙananan kaya ta gidan waya. Sai a 1948 ya shiga sayar da kayan ɗaki. Labarin da kamfanin yake bayarwa shi ne, a 1956 wani ma'aikacinsa mai suna Gillis Lundgren ya rasa yadda zai cusa wani tebur a mota, sai ya kwance masa ƙafafu. Daga nan aka ɗauki dabarar: a yanka katako a masana'anta, a huda shi, a shimfiɗe shi a kwali tare da sukurori da takardar zane, mai saye ya ɗauka ya je gida ya haɗa da kansa. Mota ɗaya sai ta kwashi abin da a da sai motoci da yawa, kuɗin dako ya ragu, farashi ya sauko. Lundgren ɗin ne kuma ya zana kantar littattafan nan mai suna Billy da ta fito a 1979, wadda har yau ake sayarwa. Kamfanin ya buɗe kanti a Jidda tun 1983, a Alƙahira a 2013, a Kasabalanka a 2016. Ba shi da kanti a Kano ko Maraɗi, kuma ba tallansa na zo yi ba. Abu guda nake so mu ara daga wurinsu.

Duk kayan da suke sayarwa, lambobi uku ne a jikinsa kafin komai: faɗi, zurfi, tsayi. Billy ɗin da na ambata, wadda aka fi sani, faɗinta santimita 80, zurfinta 28, tsayinta 202. Mai saye yana zaune a gidansa da tef a hannu ya san ko za ta shiga tsakanin taga da ƙofa ko ba za ta shiga ba. Mu kuwa yaya muke sayen kayan ɗaki? Da ido. Hajiya ta shiga shagon kafinta ko wurin masu kayan Turkiyya, ta ga saitin gado yana ƙyalli a fili mai faɗi, ta ce wannan ya yi, 'yata ba za ta ji kunya ba. Ɗakin da za a kai shi kuwa ba ta taɓa taka shi ba, ango ma bai gama biyan dillali ba.

Ranar jere ake ganin sakamako. Mota ta tsaya a ƙofar gida, samari huɗu sun ɗauko sif mai ƙofa shida, sun kai kwanar matakala, ya ƙi juyawa. A sauko da shi, a kishingiɗar, a sake gwadawa, fenti ya goge a bango, mai gidan haya yana tsaye yana kallo. A kira kafinta ya kwance shi a bakin titi. An samu an shigar, an kafa gado, sai a ga ƙofar ɗakin ba ta buɗuwa duka, tana dukan durowar gefen gado. Wata gwaggo ta ce a fitar da durowar ɗaya, wata ta ce haba, saiti ne, ai ba a raba shi. A ƙarshe madubi ya tare rabin taga, akwatunan lefe an hau da su kan sif, kwalayen kayan kicin da ba a buɗe ba an tura su bayan kujera. 'Yan ganin ɗaki su zo su ce masha Allah, an kashe kuɗi. Su tafi. Amarya ce za ta zauna shekara da shekaru tana bin gefen gado a karkace.

Mu yi lissafi, ba mai wuya ba ne. Ɗakin da magina suka fi yi mana, ƙafa 12 ne da ƙafa 12, wato murabba'in ƙafa 144. Katifa shida-da-shida ta ci 36, in aka haɗa da katakon gado da allon kai ta haura 40. Sif mai faɗin ƙafa shida da zurfin ƙafa biyu ya ci 12, kuma ƙofofinsa suna buƙatar kusan wani 12 a gabansu kafin su buɗe. Durowa biyu na gefen gado, madubi da kujerarsa, da inda ƙofar ɗaki take lilo, su ma sun kwashi fiye da 20. An wuce rabin ɗaki ke nan tun ba a shigo da fanka ko gadon jariri ba. Abin da ya rage ma ba a dunƙule yake ba, 'yan tsaga-tsaga ne a gefe da gefe. Da a ce katifar ƙafa huɗu da rabi ce maimakon shida, an tsira da murabba'in ƙafa tara, kuma wannan ya isa a shimfiɗa sallaya ba tare da an ture komai ba. A ce kana biyan hayar naira dubu 600 a shekara. Idan rabin daɓen yana ƙarƙashin kayan da ba ka taɓawa, to rabin kuɗin nan kaya kake kama wa haya.

Saboda haka ni a ganina, wanda ɗaki ya yi masa kaɗan, kada ya fara da tambayar me zan saya. Ya fara da sayen tef na awo, wanda kuɗinsa bai kai na kwanon abinci a gidan cin abinci ba. Ya auna bango huɗu, ya auna daga ƙasa zuwa silin, ya auna faɗin ƙofa da kwanar matakala, ya lura da inda soket yake da inda taga take buɗewa. Ya rubuta a takarda ya sa a aljihu. Da wannan takardar ake zuwa kasuwa.

In ka auna, abu na farko da za ka gano shi ne filin da ya fi yawa a ɗakinka yana sama da kanka. Silin ɗinmu yakan kai ƙafa tara zuwa goma, amma yawancin sif ɗinmu a ƙafa shida ko bakwai suke tsayawa. Tsakanin nan sai ƙura da jakar Ghana-must-go. Kabad siriri mai tsayi ya fi gajere mai faɗi, don daɓen da zai ci kaɗan ne, abin da zai ɗauka kuma da yawa. Bargo da rigunan sanyi da ba a nema sai hunturu, da manyan tukwanen da ba a saukewa sai da salla ko suna, can sama ne wurinsu. Abin da ake ɗauka kullum ya zauna tsakanin gwiwa da kafaɗa. Wannan ma ba baƙon ilimi ba ne. Kakanninmu sun rataya ƙwarya a ragaya, sun sa fitila a alkuki, sun bar daɓe don tabarma.

Akwai kuma maganar zurfi, wadda ban cika jin ana yi ba, alhali ta fi shafar mu fiye da Turawa. Sif mai zurfin ƙafa biyu, kusan santimita 60, an yi shi ne saboda kwat da rigunan da ake ratayewa a hanga, don faɗin kafaɗar riga ke nan. Mu kuwa yawancin suturarmu ninkewa ake yi. Atamfa, leshi, shadda, mayafi, zani, har babbar riga in ta dawo daga wurin mai guga ko mai bugu, a ninke take zuwa. Turmin atamfa a ninke bai buƙatar zurfin ƙafa biyu. Abin da ke faruwa shi ne a jera sahu biyu, na gaba ya rufe na baya, uwargida ta manta tana da wani leshi sai bayan shekara biyu ta gan shi da layin ninki ya kama. Shi kansa IKEA yana yin sif ɗinsa mai suna Pax da zurfi iri biyu, santimita 58 da santimita 35. Wannan na biyun shi ya fi dacewa da kayanmu. A ware ƙofa ɗaya mai zurfi don abaya da kaftanin da ake ratayewa, sauran a yi su marasa zurfi da kanta kusa da kusa. In wuri ya matse sosai, ƙofa mai zamewa gefe ta fi mai buɗowa waje, labule kuma ya fi su duka arha.

Sai ƙarƙashin gado. Gadajen yayi na yanzu a daɓe suke zaune, an rufe su ta ko'ina, ko tsintsiya ba ta shiga. Gado shida-da-shida da aka ɗaga shi ƙafa ɗaya daga ƙasa, ramin da ke ƙarƙashinsa ya kai cikin tankin ruwa mai lita dubu. Wannan duka ake zubarwa saboda ado. Iyayenmu mata da gadonsu na ƙarfe mai rumfa sun fi mu wayo a nan, don adaka da kwalla da fanteka duk a ƙarƙashinsa suke. Yanzu ana samun gado mai durowa a gefe, ana samun wanda ake ɗaga katifarsa sama kamar murfi. Mai durowa yana son fili a gefensa kafin a jawo, don haka a ɗaki matsattse mai ɗagawa ya fi. Wanda ba shi da kuɗin ko ɗaya, ya sa mai walda ya yi masa ƙafa mai tsayi, ya sayi robobi masu murfi a Ƙofar Wambai ko kasuwar garinsu, ya tura. Roba dai, ban da kwali. Kwali gidan kyankyaso ne, da damina kuma yana jan laima, kaya su yi fumfuna.

Tun da an zo nan, bari in ɗan ratse. Mata da yawa suna zuba ƙwayoyin kafur a cikin kayan da aka adana don korar ƙwari. Likitoci suna gargaɗi a nisanta shi da kayan jarirai, domin yana iya jawo wa wasu jariran shawara mai tsanani. A kiyaye.

Bayan ƙofa ma wuri ne. Maratayi mai ƙugiya biyar ko shida ya ɗauke jaka da hijabi da hula. A kicin, sandar ƙarfe ɗaya a bango ta ɗauke ludayi da mataci da murafen tukwane, ta bar kanta don abin da ba ya ratayuwa. Tukunyar gas kaɗai nake roƙo kada a kulle ta a kabad marar iska don neman tsabtar ido. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake taruwa.

Yanzu ga inda hoton da kuke gani a waya yake yaudara. Za ku ga ɗakin wata baiwar Allah a Toronto ko Stockholm, kanta a buɗe, an jera farantai da littattafai da tukunyar fure, fari fat. A kawo wannan Kano a watan Janairu, kwana biyu ya isa ka rubuta sunanka da yatsa a kan kowane faranti. Ƙurar hunturu ba ta san ado ba. Mu kayanmu ƙofa suke so, ko gilashi, ko labule.

Sannan katakon kansa. Yawancin kayan haɗa-da-kanka masu arha ba katako ba ne tsagwaronsa. Garin katako ne da ɓarɓashinsa aka kwaɓa da gam aka matse, aka lulluɓe da wata fata mai sheƙi. Irinsa ne MDF da kafintocinmu suke aiki da shi yanzu. Yana da kyan gani, yana da sauƙin kuɗi, gaba ɗaya a miƙe yake. Amma abokin gabansa ruwa. Uwargida mai goge daɓe da ruwa kullum safe, in kabad ɗin a ƙasa yake zaune ba ƙafa, cikin 'yan watanni gindinsa zai kumbura ya fara marmashewa, kuma ba ya gyaruwa. A nemi mai ƙafa, ko a sa masa ƙafafun roba. Abokin gabansa na biyu ƙaura. Sukuru in ya shiga wannan allo ya fita, ramin ya faɗaɗa, karo na biyu ba ya kamawa kamar na farko. Ɗan hayan da ya san duk bayan shekara biyu sai ya tashi, gara ya sayi ƙananan kabad biyu ko uku da mutum biyu za su ɗauka a haɗe, da ya sayi ƙato ɗaya da sai an kwance. Kanta mai tsawo kuma in aka ɗora mata nauyi a tsakiya lanƙwasawa take yi. Buhun shinkafa mai kilo 50 da jarkar ruwa mai lita 25 ba kayan kanta ba ne, ƙasa ne wurinsu.

Mai haɗawa da kansa, ga abin da ya kamata ya kula da shi. Ka buɗe kwali, ka shimfiɗa shi a ƙasa ya zame maka tabarmar aiki, ka zube sukurori da 'yan turakun katako a faranti, ka ƙirga su da abin da ke takarda. Kada ka ɗaure kowane sukuru tamau sai duka sun shiga. Akwai wani siririn allo na baya, wanda mutane suke rainawa har wasu su bar shi a kwali. Shi ne yake riƙe kabad ɗin kada ya karkace. Kafin ka buga masa ƙusa, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. In awon ya zo daidai, kabad ya miƙe. In bai zo ba, ƙofofin ba za su taɓa haɗuwa ba, kuma laifin ba na masana'anta ba ne.

Wannan da zan faɗa yanzu shi ya fi komai nauyi a sharhin nan. Na ce a hau sama, a sayi dogo siriri. To dogo siriri faɗuwa yake yi. Yaro ɗan shekara biyu ya jawo durowa ta ƙasa, ya taka, ya jawo ta sama, nauyi ya rinjayo gaba, kabad ya kife a kansa. A 2016 IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 daga kasuwar Amurka bayan ƙananan yara sun mutu ta wannan hanya, kuma a ƙarshen 2022 Amurka ta yi doka ta musamman a kan ingancin tsayuwar irin waɗannan kaya. Mu ba mu da mai janye mana kaya daga kasuwa. Maganin kuwa ƙaramin ƙarfe ne mai kusurwa da sukurori biyu, a ɗaure saman kabad da bango. Bulonmu yana da rami a ciki, ƙusa kawai ba ta riƙewa, sai an huda da inji an cusa robar da sukuru yake kamawa. In gidan haya ne, a nemi izinin mai gida, a yi masa alkawarin toshe ramin ranar tashi. Talabijin da ake ɗorawa a kan durowa ita ma haka.

Wani zai ce, to Malam, na kanti za mu saya ko kafinta za mu ba? Kayan waje sun yi tsada tun da naira ta faɗi, ko da yake Babban Bankin Najeriya ya ɗage takunkumin canjin da ya sa wa kayan ɗaki da wasu kayayyaki tun 2015, a watan Oktoban 2023. Amma muna da abin da mazaunin Toronto yake nema da kuɗi mai yawa bai samu ba: kafinta a bakin layi. 'Yan Katako a Na'ibawa, Panteka a Kaduna, Kugbo a Abuja, duk cike suke da masu hannu. Na kanti ya fi a wajen ƙananan abubuwa, kamar robobi da kantar takalma da kantar ƙarfe ta kicin, kuma ka ga abinka kafin ka biya, babu zo gobe zo jibi. Kafinta ya fi a wajen lungun da babu kayan kantin da zai shige shi. Sai dai a kai masa awo a rubuce, a faɗa masa kanta nawa ake so da tazarar da ke tsakaninsu. In ka ce masa kawai yi min sif mai kyau, irin na kowa zai yi maka, mai ƙaton kai da ado, don shi aka saba yabawa.

Ku kuma kafintoci, ku riƙa rubuta faɗi da zurfi da tsayi a jikin abin da kuka ajiye a shago, ku riƙa tambayar mai saye girman ɗakinsa, ku haɗa masa da ƙarfen ɗaurewa a bango ko bai tambaya ba.

Roƙona na ƙarshe ga iyayen amare ne, musamman iyaye mata da gwaggwanni masu riƙe da kuɗin kayan ɗaki. Kafin a biya kafin alƙalami, a tura yaro da tef ya auno ɗakin da yarinyar za ta zauna. In saitin ba zai shiga ba, a rage shi, a ba ta ragowar kuɗin ta ja jari ko ta ajiye.